Malam Su-nawa da Jariran da Ba a Ƙidaya Ba

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi, wanda abokan aikinsa da mutanen unguwarsa suka fi sani da Malam Su-nawa, ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris na shekarar 1941, a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa, a gida na uku daga bakin gada. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana wanda ya shafe shekara arba'in a kan teburi guda a kusurwar kasuwa. Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce, wadda take magana a madadinsu su biyu har ta yi saura. Shi ne na huɗu a cikin 'ya'ya bakwai, maza uku da mata huɗu.

Tun yana ɗan shekara biyar aka lura da ɗabi'ar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Duk lokacin da mahaifiyarsa ta dawo daga karɓar haihuwa, kafin ta ajiye jakarta zai tare ta a ƙofa ya tambaya mace ce ko namiji. Yana da gwangwanaye biyu a ƙarƙashin gado, ɗaya na maza ɗaya na mata, kowace haihuwa sai ya jefa tsakuwa guda inda ya dace. In ta fita taro ta dawo, ba ruwansa da wanda ya zo ko abin da aka ce, tambayarsa ɗaya ce: "Inna, su nawa ne?" Wata rana ta gaji ta ce masa, "Kai dai Su-nawa, ka bar ni in sha ruwa tukuna." Daga ranar sunan ya zauna masa. Bayan shekara shida gwangwanayen suka cika, ya zazzage ya ƙirga, ya iske maza sun ɗara mata da ɗan kaɗan ƙwarai. Da ya kai wa mahaifinsa wannan gagarumin sakamako, tsohon ya cire gilashin aiki daga idonsa, ya ce to madalla, amma gwangwanayen nasa ne na ajiyar ƙananan kusoshi, shekara shida ke nan yana nemansu.

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1948, ya wuce sakandare a 1955, sannan ya sami gurbi a kwaleji a 1961, inda ya kammala a 1963 da takardar shaidar ilimin ƙididdiga. Rahotannin malamansa na dukan waɗannan shekaru sun yi ittifaƙi a kan abu uku: gwani ne a lissafi, rubutunsa kamar na injin buga littafi, kuma ba a taɓa ganin ya yi gudu ba, ko da ruwa ake yi.

A kwaleji ne ya fara ganin zanen da masana ke kira dalar shekaru. Zane ne da ake jera al'ummar ƙasa hawa-hawa bisa shekarunsu, jarirai a ƙasa, tsofaffi a sama, maza a hagu, mata a dama. A ƙasar da ake yawan haihuwa gindin dalar yana da faɗi, kanta kuma siriri. An ruwaito cewa ranar da malaminsu ya zana ta a allo, marigayi bai fita shan iska ba, ya zauna yana kallonta har aka shigo darasi na gaba. Daga baya ya sha faɗa wa 'ya'yansa cewa a ranar ya ga dukan mutanen ƙasa a shafi ɗaya, babu wanda aka bari a waje. A nan kam ya yi kuskure, amma sai bayan shekara goma sha ɗaya ya gane.

Fara aiki da aure

A watan Oktoba na 1963 aka ɗauke shi aiki a matsayin akawu a ofishin ƙididdiga na babban birni. Ɗakinsa yana hawa na biyu, taga ɗaya ce, da kabad ɗin ƙarfe uku da injin lissafi mai mariƙi wanda ake juyawa da hannu. A shekarar 1964 aka aike shi makarantun firamare ya tattaro adadin ɗalibai. A wata makaranta malamar aji ɗaya ta ce masa yaranta sittin da ɗaya ne. Ya tsaya a ƙofa ya ƙirga, ya ce hamsin da tara ne. Ta dube shi tun daga takalmi har hula ta ce, "Ni nake share musu majina kullum, kai kuma yau ka zo za ka koya mini yawansu? Duba ƙarƙashin tebur." Ya duba, ya ga biyu suna barci. Ya gyara takardarsa, ya ba da haƙuri, sannan ya koma makarantar sau bakwai a wata biyu don tabbatar da adadin da babu wanda yake shakkarsa.

An ɗaura masa aure da malamar nan a watan Yuli na 1965. Suka kama gida mai ɗaki biyu da baranda a unguwar ma'aikata da ke bayan masaƙa, unguwar da kusan dukan mazaunanta matasan ma'aurata ne da suka zo neman aiki. Malama ta nemi canji zuwa makarantar unguwar, aka ba ta aji ɗaya. Allah ya azurta su da ɗa namiji a 1966, sannan 'ya mace ranar tara ga Fabrairu, 1968.

Ƙidayar shekarar 1968

A watan Afrilu na 1968 aka gudanar da ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya, kuma aka ɗora wa marigayi alhakin unguwarsa tare da ma'aikata shida a ƙarƙashinsa. Tsarin aikin a wancan zamani mai sauƙi ne. Ma'aikaci zai tsaya a bakin ƙofa, ya yi sallama da maigida, ya karanta masa tambayar farko kamar yadda take a takarda: mutum nawa ne suke kwana a gidan nan? Maigida zai ɗaga kai sama ya ƙirga a yatsa, ya faɗi adadi, sannan a rubuta shekarun kowa da jinsinsa. Ba a shiga gida, ba a neman uwargida.

Marigayi ya kammala unguwarsa kwana biyu kafin wa'adi. Ya sami mutum 4,112, a cikinsu jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya sittin da biyu. Takardar gidansa ya bari sai ƙarshe, ya cika ta da ka a kan teburinsa na ofis, tun da ba ya buƙatar kowa ya gaya masa mutanen gidansa. Hukuma ta ba shi takardar yabo saboda tsabtar aikinsa, aka kuma ƙara masa girma.

Da aka haɗa alƙaluman ƙasa aka zana dalar shekaru, sai aka ga gindinta ya tsuke, hawan jarirai ya fi na 'yan shekara biyar ƙanƙanta. Manyan ofis suka yi murna, suka rubuta a rahoto cewa haihuwa ta fara raguwa a ƙasar, kuma alamar ci gaba ce. Hukumar ilimi ta karɓi rahoton ta yi lissafinta a kai. Ta ƙiyasta cewa unguwar ma'aikata za ta buƙaci kujeru tamanin a aji ɗaya nan da shekara shida, har da ƙarin ko-ta-kwana, ta soke shirin gina sababbin azuzuwa. Babu wanda ya tambayi ungozoma ko ɗaya ra'ayinta.

Ranar ɗaukar ɗalibai, 1974

A ranar farko ta zangon karatu, cikin Satumba na 1974, yara ɗari biyu da goma sha uku suka hallara a ƙofar makarantar unguwa, kowanne riƙe da hannun uwarsa, an yi masa wanka an ɗinka masa sabuwar riga. Layi ya fito daga harabar makaranta ya bi jikin katangar masaƙa. Shugaban makaranta ya matsa kujeru ya shimfiɗa tabarmi, ya karɓi ɗari da ashirin bisa wanda ya riga zuwa, ya ce ko allura ba ta da sauran wuri. Aka mayar da tasa'in da uku gida. A cikinsu har da 'yar marigayi, domin Malama ta ƙi tsallakar da ita layi, ta ce ba za ta iya haɗa ido da maƙwabta ba.

Yarinyar ba ta yi kuka a makaranta ba. Sai da suka isa gida ta ƙi cire rigar makarantar, ta zauna a baranda da jakarta a cinya har azahar. Wannan abu ya taɓa zuciyar marigayi fiye da yadda za a iya bayyanawa. Washegari ya sauka ɗakin ajiyar takardu da ke ƙasan ofis, ya nemi ɗaurin unguwarsa na 1968, ya bi gida-gida har ya kai takardar gidansa. Da kyakkyawan rubutunsa da sa hannunsa, ga abin da ya gani: mutum uku, shi da matarsa da ɗansu. Jaririyar wata biyu ba ta ciki.

Ya dawo gida da la'asar ya gaya wa Malama. Ta ajiye littattafan da take dubawa ta ce, "Mutum uku? To wadda take tsala ihu a kunnenka a lokacin, 'yar maƙwabta ce?" Sannan dariya ta kama ta har sai da ta riƙe bango. Da ta share hawaye ta ce, "Ni ba ni za ka ba haƙuri ba, Malam. Ga mai haƙƙin can a baranda." Ya je ya durƙusa a gaban yarinyar ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa hukuma ba ta san da ita ba shi ya sa ba a ajiye mata kujera ba, kuma laifinsa ne. Yarinyar ta ce, "To Baba, ka rubuta ni yanzu mana." Ya ce wannan takardar an rufe ta, amma ya yi mata alƙawarin ba zai huta ba sai an gyara yadda ake tambaya, ta yadda ba za a sake mayar da yaro gida don an manta da shi ba. Tun daga ranar ake kiran yarinyar 'Yar Mantuwa a cikin dangi, kuma ita da kanta ta fi kowa son sunan. Malama ta buɗe ajin yamma a barandarsu domin yaran da aka mayar, ta koyar da su kyauta har shekarar ta ƙare.

Binciken igiyar shanya

Shugaban sashensa, mutumin kirki ne amma ya fi yarda da takarda a kan idonsa, ya ce ai ƙaura ce, baƙi ne suka cika unguwar. Marigayi ya bi iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ɗari da saba'in daga cikinsu a unguwar aka haife su. Ya kuma sake duba jarirai sittin da biyun da aka rubuta, ya ga maza talatin da shida ne, mata ashirin da shida. Shi kuwa tun zamanin gwangwanaye ya san maza ba sa ɗara mata a haihuwa sai da kaɗan, kamar biyar a cikin ɗari. Ya rubuta wa shugaban cewa bai ga dalilin da zai sa Allah ya canja tsarinsa saboda unguwar ma'aikata kaɗai ba, saboda haka an manta da jarirai da yawa, kuma mata aka fi mantawa.

Daga 1975 zuwa 1977 ya keɓe kowace safiyar Asabar ga wannan bincike. Yakan hau kekensa ya bi lunguna yana duban igiyoyin shanya, duk gidan da ya ga ƙananan riguna da kyallayen jariri sai ya rubuta, sannan ya kwatanta da abin da maigidan ya faɗa. A makonnin farko ya sha wahala, domin mata sun ɗauke shi ɓarawon kaya, har wata tsohuwa ta biyo shi da ludayi zuwa bakin titi, kuma masu ba da labari sun tabbatar cewa ko a ranar bai yi gudu ba. Daga nan Malama ta riƙa raka shi. Ita ce ta gano mabuɗin al'amarin. In an tambayi maigida mutum nawa ne, sai ya ce shida. In ta shiga ciki ta tambayi uwargida, "Su wa kika yi wa wanka yau da safe?" sai a sami takwas. Wani direba da aka nuna masa ɗansa ɗan wata huɗu aka ce ya manta da shi, ya ce, "Haba Malam, ni ban manta da shi ba. Mutane ka tambaye ni. Wannan ko haƙori bai yi ba."

A watan Janairu na 1978 marigayi ya gabatar da rahoto mai shafi arba'in, yana neman abu biyu kawai. Na farko, a ƙara tambaya guda a takardar ƙidaya: akwai jariri ko ƙaramin yaro a gidan nan da ba a ambata ba? Na biyu, uwargida za a yi wa tambayar, ba maigida ba. Kwamiti ya zauna minti ashirin ya ƙi amincewa, bisa hujjar cewa takarda ta cika, kuma kowace ƙarin tambaya minti ɗaya ce a miliyoyin gidaje. Shugaban sashe ya dafa kafaɗarsa a matakala ya ce, "Malam Su-nawa, kada ka ji haushi. Hukuma ba ta ƙidaya da wanki." Aka yi ƙidayar 1979 da tsohuwar takarda, gindin dala ya sake tsukewa, aka sake rubuta cewa haihuwa na raguwa. A lokacin 'ya'yan marigayi sun kai shida.

Taron ƙasashe da gwajin unguwanni biyu

A shekarar 1983 aka tura shi taron masana ƙididdigar al'umma a wata ƙasa mai nisa, saboda shugaban sashe ba ya son hawa jirgin sama. Shi kuwa marigayi wannan ne hawansa na farko. Da ma'aikaciyar jirgin ta sanar cewa fasinjoji ɗari da arba'in da shida ne, ya kira ta cikin ladabi ya sanar da ita cewa ɗari da arba'in da tara ne, akwai uku a cinyar iyayensu.

A zauren taron an manna dalar shekarun ƙasashe talatin a bango, marigayi ya yini biyu yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya ga ƙasashe irin tasa, inda ake haihuwar yara sama da arba'in a kowace shekara cikin mutum dubu, kuma kusan rabin jama'a ba su kai shekara sha shida ba. Ya ga wasu inda haihuwar ba ta wuce goma sha ɗaya ko sha biyu ba, zanensu ya daina kama da dala ya koma kamar tulu, kuma a hawan tsofaffi mata sun ninka maza. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne, a ƙasashe da dama masu yawan haihuwa ya ga irin tsukewar nan a hawan jarirai. Ashe ba unguwarsa kaɗai ba ce, kuma ba shi kaɗai ne uban da ya taɓa yin wannan abin kunya ba.

Bayan ya gabatar da jawabinsa a kan igiyar shanya, wanda aka yi ta dariya ana tafi, wata tsohuwar farfesa daga ɗaya daga cikin ƙasashen masu tsofaffi ta same shi a wurin shan shayi. Ta ce masa, "A garinmu bara an rufe makarantu huɗu don babu yara, ɗaya an mayar da ita gidan kula da tsofaffi. Ku da kuke da su har kuna mantawa da wasu, ku ba mu aro mana." Sannan ta ba shi shawarar ya daina rubuta rahoto, domin kwamiti ba ya karanta shafi arba'in, ya nemi izinin gwaji a wuri biyu ya bar alƙaluma su yi magana.

Sai da ya yi shekara huɗu yana bin ofisoshi kafin ya sami izinin. A watan Mayu na 1987 aka zaɓi unguwanni biyu masu kama da juna, aka ƙidaya ɗaya da tsohuwar takarda, ɗaya kuma da ƙarin tambayar tare da shiga wurin uwargida. A unguwa ta biyu aka sami ƙarin yara goma sha tara a kan kowane ɗari na 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma a cikin jarirai aka sami maza ɗari da huɗu ga kowace mata ɗari. Ranar da sakamakon ya fito marigayi ya sayi lemo ya raba wa duk hawa na biyu, har da masinja da mai shara. Kwamiti ya amince a 1989, aka ba tambayarsa lamba tara, za a fara aiki da ita a ƙidayar 1990. Sai aka ɗage ƙidayar, aka sake ɗagewa, aka kuma sake. Ya yi ritaya a watan Oktoba na 1998 bayan hidimar shekara talatin da biyar, tambayarsa tana kwance a kabad ba a taɓa karanta wa kowa ita ba, makarantar unguwa kuma tana nan tana mayar da yara gida kowace shekara.

Shekarun ritaya da ƙidayar 2002

Ya yi zaman ritayarsa a gidan nan na unguwar ma'aikata, wanda ya riga ya saya ya ƙara masa ɗaki uku. Babban aikinsa shi ne raka jikoki asibiti, da gyara wa masu karanta labarai a rediyo alƙaluma daga kan kujerarsa.

An gudanar da ƙidayar a ƙarshe cikin Nuwamba na 2002. Da hantsin rana ta uku wata ma'aikaciya ta yi sallama a gidansa, mace mai kimanin shekara talatin, da jaka a kafaɗa da fensir a bayan kunne. Marigayi ya sa rigarsa mafi kyau tun asuba yana jira. Ya amsa tambayoyi takwas na farko ba tare da kuskure ba. Da ta zo ta tara ya buɗe baki zai amsa, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Yi haƙuri Baba, wannan ba taka ba ce, Mama ake yi wa." Ya rufe bakinsa, fuskarsa cike da murmushi. Malama ta fito daga ɗaki ta amsa, ta nuna mata jikarsu 'yar mako uku da aka riga aka rubuta, ma'aikaciyar ta leƙa ta gan ta da idonta. Tana tattara takardu ta ce, "Ko wane ne ya ƙirƙiro tambayar nan ya ƙara mana aiki, wallahi. Amma jiya a gida goma na tsinci yara bakwai da ita." Malama ta nuna shi da haɓa ta ce, "Ga mai laifin nan zaune, ki rama." Ma'aikaciyar ta ji kunya ta rufe fuska da takarda, shi kuwa ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Saura sakamako. A tsakiyar 2003 ciwon zuciya ya kama shi, likita ya hana shi hawa keke da matakala, aikin tattara alƙaluma kuwa yana tafiyar hawainiya. Sau biyu aka sa ranar bayyana sakamako aka fasa. Iyalinsa sun damu ƙwarai, domin kowa ya san abin da yake jira, kuma jikin yana ta raguwa. Shi ne yake kwantar musu da hankali. Yakan ce wa Malama, "Ki daina kallona haka. Rai na Allah ne, amma na roƙe shi ya bar ni in ga gindin dalar nan."

Ranar sha huɗu ga Oktoba, 2004, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mota ta tsaya a ƙofar gida. Tsohon shugaban sashe ne, wanda ya haura tamanin, yana dogara sanda, da littafin sakamako a hammata. Ya ƙi aiko kowa, ya ce shi zai kawo da hannunsa. Ya zauna a bakin gado ya buɗe shafin da ya naɗe. Gindin dalar a buɗe yake, hawan jarirai ya fi kowane hawa faɗi, maza da mata kusan daidai. A shafi na gaba hukumar ilimi ta bayyana cewa bisa waɗannan alƙaluma ƙasar tana buƙatar ƙarin azuzuwa dubu biyu da ɗari uku, kuma an ba da umarnin fara gini. Tsohon ya ce, "Malam Su-nawa, wankinka ya yi gaskiya. Ka yafe mini." Marigayi ya ce babu komai, shi ne ya fara yin kuskuren da hannunsa. Ya sa aka kira 'Yar Mantuwa daga asibitin da take aiki, ta zo da kayan aikinta a jiki, ya ɗora yatsarta a kan hawan ƙasa ya ce, "Ke dai ban rubuta ki ba, amma ga 'ya'yanki nan duka." Ta yi dariya ta yi kuka, Malama ta ce su tashi daga kan gadon kafin su karya shi. Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa ganin farin ciki irin na wannan rana a gidan ba.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Ya rayu wata huɗu bayan haka cikin walwala, littafin yana gefen matashinsa, duk wanda ya zo dubiya sai an buɗe masa shafin ko yana so ko ba ya so. Allah ya karɓi ransa ranar Alhamis, sha bakwai ga Fabrairu, 2005, da hantsi, a ɗakinsa, Malama tana gefensa, saura 'yan makonni ya cika shekara sittin da huɗu. An yi masa salla bayan azahar a masallacin unguwa, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan filin ƙwallo. Jama'a sun taru sosai, tsofaffin abokan aiki da ma'aikatan masaƙa da waɗanda suka yi karatu a barandarsa, amma babu wanda ya ƙirga su, domin mai yin hakan shi ne a makara. Allah ya jiƙansa ya kyautata makwancinsa.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama, da 'ya'ya shida, maza uku da mata uku. Babban ɗansa injiniya ne a hukumar ruwa. 'Yar Mantuwa ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Mai bi mata tela ce mai shago a bakin kasuwa. Sai tagwaye maza, ɗaya direban jirgin ƙasa, ɗaya malamin lissafi a sakandare. Autarsa tana aiki a gidan rediyo, kuma ita ce ta fi shan gyaran alƙaluma daga wurinsa. Ya bar jikoki goma sha tara, maza goma da mata tara, goma sha biyu daga cikinsu ba su kai shekarun shiga makaranta ba a ranar rasuwarsa.

A watan Satumba na 2006 aka buɗe sabuwar makaranta a ƙarshen layinsu, an tanadi kujeru ɗari uku da ashirin domin 'yan aji ɗaya. Yara ɗari uku da goma suka zo a ranar farko, biyar daga cikinsu jikokinsa ne, 'Yar Mantuwa tana riƙe da hannun ƙaramar 'yarta a cikin layi. Ba a mayar da ko ɗaya gida ba.